Alhaji Alhassan Ɗantata: Falken Da Zamani Ya Juya, Ya Juya Tare Da Shi

Tun ran 30 ga watan Nuwamba na 2022, ranar da wani kamfanin Amurka mai suna OpenAI ya fito da manhajar nan ChatGPT, ba a rabu da zancen ƙirƙirarriyar basira ba a ofisoshin gwamnati da makarantu da kasuwanni. Ita dai wannan basira, na'ura ce aka ɗura wa ɗimbin rubuce-rubuce da hotuna har ta iya tsara nata. In an umurce ta da ta rubuta wasiƙa, ko ta fassara takarda, ko ta taƙaita rahoto, ko ta zana hoton talla, kafin ƙiftawar ido ta gama. Saboda haka akawu yana tunanin ko aikinsa zai kai shi fansho, ɗalibi kuma yana tunanin ko abin da yake karantawa zai ci kasuwa ranar da ya gama.

Wannan kuwa ba shi ne karo na farko da sabuwar na'ura ta shigo ƙasar Hausa ta hautsina ciniki ba. Fiye da shekara ɗari da suka wuce, jirgin ruwa mai hayaƙi da jirgin ƙasa sun rushe fataucin ayari wanda aka gada kaka da kakanni, suka talauta waɗansu, suka azurta waɗansu. Ba kuwa wanda tarihinsa ya fi nuna yadda abin ya gudana kamar marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano.

Asalinsa Da Ƙuruciyarsa

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano cikin 1877. Gidansu gidan Agalawa ne, watau ɗaya daga cikin zuriyoyin da suka shahara da fataucin goro. Mahaifinsa Abdullahi falke ne, kakansa Baba Talatin shi ma falke ne wanda ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai dukiyar kanta.

Yana da kamar shekara takwas mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyar ta tashi ta koma Ankara, can bakin teku a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwa baiwar gidan mai suna Tata. Wannan tsohuwa ita ta rene shi, da sunanta kuma aka san shi har ya bar duniya, har yau kuwa da shi ake kiran zuriyarsa. Ya yi karatun allo a Bebeji cikin rashi, yana karatu yana neman abin sawa a baka, daga nan ya koyi tsimi da tanadi, halin da bai rabu da shi ba ko da ya yi arziki.

Cikin 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi kuwa suka ƙi, suka fita Takai. Wannan shi ne Yaƙin Basasa. Agalawan Bebeji suna wajen Tukur, saboda haka da Alu Babba ya ci nasara aka ƙwace dukiyarsu, aka kama da yawa daga cikinsu. Alhassan da 'yan'uwansa Bala da Sidi suna cikin waɗanda aka kama, sai da aka fanshe su sa'an nan suka koma gida. Watau kafin ya cika shekara ashirin ya ɗanɗani maraici, ya ɗanɗani talauci, ya kuma ɗanɗani bauta.

Hanyar Gwanja

Domin a gane irin canjin da ya tarar, wajibi ne a san yadda fataucin goro yake a da. Goro a kurmin Ashanti yake fita, masu cinsa kuwa suna ƙasar Hausa da Barno. Ayari yakan tashi da kaka, mutum ɗari-ɗari, wani lokaci har fiye da dubu, da jakuna da takarkarai da 'yan alaro. Madugu shi ne shugaba, jagaba yana gaba yana nuna hanya, uban dawaki yana tara kuɗin da za a biya sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, malamin ayari kuwa yana rubuce-rubuce da addu'o'i. Sukan tafi da tufafin saƙi da na rini da kanwa da kayan fata, su komo da huhunan goro, ana yayyafa musu ruwa ana tsince masu tsutsa a kowane zango. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara.

Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ta yankin kudancin Sakkwato take bi. Gummi, wadda ke maƙwabtaka da Kebbe, ita ce matattarar Kambarin Barebari, waɗanda su da Agalawa da Tokarawa ne suka riƙe fataucin goro a ƙarni na 19. Jega, wadda ba ta da nisa da Tambuwal, tana cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya. Daga wannan yanki ayari yake gangarawa ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Duk garin da ayari ya sauka ya samu: mai masauki ya samu, dillali ya samu, mata masu tuwo da fura sun samu, masu ciyawa da masu fito sun samu, sarki kuma ya karɓi nasa.

Lokacin da Alhassan ya shiga fatauci wannan hanya ta fara tsufa. Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, abin da ya sassauta ikon Ashanti a kan cinikin goro, sa'an nan yaƙin basasar da aka yi a Salaga a 1892 ya watsa kasuwarta. A 1903 kuma Turawa suka ci Kano da Sakkwato.

Jirgin Ruwa Da Jirgin Ƙasa

Alhassan ya je Ankara wajen mahaifiyarsa tun yana saurayi, a can ne idonsa ya ga abin da yawancin fataken Kano ba su gani ba. Jiragen ruwa na Turawa suna kai da komowa tsakanin Sakandi da Ankara da Ikko, tafiyar 'yan kwanaki kawai. Goro kuwa kaya ne mai lalacewa, kowace rana da ya yi a hanya hasara ce. Wajen 1906 ya riga ya zama cikin Hausawan farko da suka riƙa ɗora goronsu a jirgin ruwa zuwa Ikko, yana haɗawa da duwatsun ado da tsakiya da yadin Turai. Yayin da falke mai jakuna yake juya jarinsa sau ɗaya a shekara, shi yana juya nasa sau da yawa. Ba wai ya fi sauran sanin goro ba ne, hanya ya sake.

Cikin 1911 dogo ya iso Kano, a 1912 aka buɗe shi ga jigilar kaya. Tafiyar Kano zuwa Ikko wadda take cin makonni ta koma ta 'yan kwanaki. A daidai wannan lokaci ne kuma fataucin hamada tsakanin Kano da Tarabulus, wanda ya riga ya raunana, ya ƙarasa durƙushewa, ga kayan Turai suna shigowa ta teku da araha, ga Italiya ta auka wa Libiya a 1911. Alhassan ya tattara ya koma birnin Kano, ya kafa gida a wajen Koki, kusa da inda ciniki ya koma.

Auduga Aka Nufa, Gyaɗa Ta Fito

Abin lura shi ne, su kansu waɗanda suka shimfiɗa dogon ba su san abin da zai haifar ba. Burin Turawa shi ne auduga, domin masaƙun Lankasha. Amma masaƙan Kano suna sayen audugar da tsada fiye da yadda Turawa za su biya, manomi kuwa ya lissafa ya ga gyaɗa ta fi masa, don in kasuwa ta ƙi ana iya cinta, harawarta kuma abincin dabbobi ce. A Turai kuma an gano dabarar daskarar da man tsirrai a yi man shafa burodi da shi, saboda haka bukatar man gyaɗa ta tashi. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Bayan yunwar 1914 ta ja baya, a 1916 kuwa ta kai wajen tan 50,000.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, suna da sikeli, suna da taragu da jiragen ruwa. Abin da ba su da shi shi ne sanin ƙauye. Ba su jin harshen manomi, ba su san wanda za a ba kuɗi ya dawo da kaya ba, ba su san wanda zai gudu da su ba. Wannan sani kuwa yana wajen fataken goro, waɗanda suka shekara suna ba da bashi a kan amana daga Kano har Gwanja. Don haka kamfanonin suka nemi irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Alhassan Ɗantata, suka riƙa ba su kuɗi su sayo musu gyaɗa.

A 1918 ne Kamfanin Neja ya jawo Alhassan cikin wannan sha'ani. Ko da yake waɗansu sun riga shi farawa, ya shige su, domin ya mai da tsarin ayari ya zama tsarin sayen gyaɗa. Yaransa da 'yan'uwansa Agalawa suka bazu cikin ƙauyuka da kuɗinsa, suna ba ƙananan dillalai, su kuma suna bin manoma tun kafin a cire gyaɗa. Jakunan da a da suke zuwa Gwanja suka koma ɗauko buhuna daga ƙauye zuwa tasha. Kafin 1922 an riga an san shi a kan shi ne ya fi kowa dukiya a Kano. Cikin shekarun 1920 ya sauke farali ta jirgin ruwa. Da aka haɗe Kamfanin Neja da wani kamfani aka kafa UAC a 1929, ya zama babban mai saya musu amfanin gona. Labarin da ya shahara a Kano shi ne, a wannan shekara ce ya kai kayan raƙumi ashirin na kuɗin azurfa ajiya a Bankin Ingila na Afirka ta Yamma, wanda ya zama First Bank daga baya, a lokacin da yawancin attajirai suke binne kuɗinsu a ɗaka.

Waɗanda Jirgi Ya Bari A Tasha

Ba kowa ne ya ci ribar wannan canji ba, kuma ba duk wanda ya yi hasara ne rago ba. Madugai da jagabai, waɗanda iliminsu shi ne sanin rijiyoyi da mashigai da halin sarakunan hanya, sun wayi gari ba mai bukatar wannan ilimi. 'Yan alaro na dogon zango sun rasa aiki. Zangunan da suke cika da kaka suka yi tsit. Daga baya ma goron Gwanja kansa ya gamu da kishiya, da manoman ƙasar Yarabawa suka dasa irinsa a wajen Agege, dab da bakin dogo, da kuma Shagamu.

Garuruwan kudancin Sakkwato kuwa sun ga abin ta wata fuska. Reshen dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙarasa Sakkwato ba. Tambuwal, ribaɗin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, da Kebbe da Gummi da Jega ba su rasa ƙasar noma ko ƙwazon mutane ba, amma babbar hanyar ciniki ta kauce musu, sai da motoci da tituna suka zo daga baya sa'an nan suka sake haɗuwa da manyan kasuwanni. Gusau da Funtuwa, waɗanda ba su kai Jega suna ba a da, suka bunƙasa don kawai suna bakin dogo.

Ko a wajen waɗanda suka samu, akwai iyaka. Ɗantata shi ne ya fi kowa a Kano, amma dogon ba nasa ba ne, jiragen ruwan ba nasa ba ne, farashin gyaɗa kuma a kasuwannin Turai ake yanke shi. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929 farashi ya faɗi warwas, manomin da bai taɓa jin sunan Liverpool ba ya rasa kuɗin haraji. Ita kanta dalar gyaɗa, wadda ake danganta ƙirƙiro ta da shi, mai ɗaukar buhu wajen 15,000 kowace guda, alamar arziki ce, amma kuma alama ce ta cewa taragun jirgi sun kasa kwashe abin da manoma suka noma, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Da alama shi ma ya lura da wannan iyaka, domin bai zuba ƙwansa duka a gyaɗa ba. Ya ci gaba da goro, ya shiga cinikin shanu da tufafi da hatsi da gidaje, a ƙarshen rayuwarsa kuma yana cikin attajiran da suka haɗa jari suka kafa kamfanin ciniki na 'yan ƙasa a Kano, domin 'yan gida su ma su taɓa harkar masana'antu.

Rasuwarsa

Duk da yawan dukiyarsa an shaide shi da sauƙin kai wajen ci da sutura, da bin diddigin kowane kwabo, da taimakon malamai da masu niyyar aikin hajji. Da ciwon ajali ya kama shi ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su wargaza kamfanin. Ya rasu a Kano ran 17 ga watan Agusta na 1955, yana da shekara 78, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari. Allah ya jiƙansa.

Gyaɗar da ta ɗaukaka shi ba ta daɗe ƙwarai a bayansa ba. Nijeriya ta kai matsayin ƙasar da ta fi kowace fitar da gyaɗa a shekarun 1960, amma farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin hukuma daga noma, suka haɗu suka share dalar gyaɗa daga Kano. Gidan kuwa bai faɗi ba, don 'ya'yansa, musamman Alhaji Sanusi wanda ya rasu a 1997 da Alhaji Aminu wanda ya rasu a 2025, sun sake hanya kamar yadda mahaifinsu ya yi, suka shiga sufuri da gine-gine da masana'antu da man fetur. Alhaji Aliko Ɗangote, mai siminti da matatar mai a Ikko, jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen uwa.

Sabon Dogo

Ƙirƙirarriyar basira ta bambanta da jirgin ƙasa ta wajen wanda take taɓawa. Jirgi aikin ƙafa da na kafaɗa ya ɗauke, ita kuwa aikin alƙalami ta nufa. A watan Janairu na 2024 Asusun Ba Da Lamuni na Duniya ya ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya za ta shafe su, kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 a ƙasashe matalauta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma, a bincikenta na 2023, ta nuna cewa a yawancin sana'o'i za ta ɗauke wani sashe ne na aikin, ba aikin duka ba, amma aikin akawu shi ya fi kowane shiga haɗari. Watau masu buga takardu, da masu shigar da bayanai cikin kwamfuta, da masu rubuta wa jama'a wasiƙa a bakin kotu da sakatariya, su ne 'yan alaron wannan zamani.

Ta wajen amfani kuwa, wani bincike da masana na jami'o'in Stanford da MIT suka yi a 2023 a kan ma'aikata fiye da 5,000 masu amsa koken abokan ciniki ya nuna aikinsu ya ƙaru da kashi 14 cikin 100 da suka samu taimakon na'urar, sababbin hannu kuwa nasu ya ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin uku. Wannan shi ne irin juyin jari da Ɗantata ya samu a jirgin ruwa. Ɗan kasuwar da ba ya iya biyan akawu ko mai fassara yana iya tsara takardar ciniki da lissafin kayansa a wayar hannu.

Sai dai na'urar tana da irin makantar da kamfanonin Turawa suka zo da ita. Tana iya shara ƙarya da cikakken ƙarfin hali, Hausarta ba ta kai Turancinta ba don rubutun Hausa da aka ɗura mata kaɗan ne, ba ta kuma san wane dillalin albasa ko na shinkafa ne mai cika alkawari a kasuwar Tambuwal ba. Mai wannan sani, in ya haɗa shi da iya sarrafa na'urar, shi ne ke tsaye inda Ɗantata ya tsaya a 1918. Wanda ya jingina da na'urar kaɗai, ko ya jingina da tsohuwar hanya kaɗai, kowannensu rabi ya riƙa.

Maganar mallaka ma tana nan yadda take. Manyan na'urorin a hannun kamfanonin Amurka da Sin suke, can ne kuma kaso mafi tsoka yake tafiya. Kamfanin Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar da suke aiki da ita, darajarsa ta kai dala tiriliyan 4 a watan Yuli na 2025. A watan Satumba na 2025 Gwamnatin Tarayya ta bayyana wata manhaja ta gida mai suna N-ATLaS, wadda aka koya wa Hausa da Yarabanci da Ibo, amma tafiyar da sauran nisa.

Dogon wannan zamani kuwa ba ƙarfe ba ne. Wutar lantarki ce, da intanet mai ƙarfi, da makarantar da yaro zai fito ya iya karatu da rubutu da lissafi har ya gane in na'ura ta yi kuskure. Garin da waɗannan suka tsaya ba su ƙarasa ba, zai ga ciniki ya kauce masa kamar yadda ya kauce wa zangunan hanyar Gwanja. Wannan nauyi yana wuyan ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi a Sakkwato da sakatariyoyin Tambuwal da Kebbe, yana kuma wuyan ɗaliban da za su gaje su. Maraya ɗan Tata bai tarar da dogo a Bebeji ba, amma ya je ya ga jirgi a bakin teku tun sauran fatake suna ɗaure wa jakuna mangala. Hausawa dai sun ce zamani riga ne, kuma da sanyin safiya ake kama fara.